Kwalbar da Aka Kawo wa Baba daga Faransa

Jiya na manta da ledar baƙin inabi a mota, rana ta dafa shi. Ina buɗe ƙofa ƙamshinsa mai ɗan tsami ya buge ni, sai ga ni 'yar shekara tara a gidanmu na unguwar Bani Harisa a Madina, tsaye gaban firij.

Lokacin nunar dabino ne, zafin da ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. Baba yana aikin ba da magani a asibiti. Wani abokin aikinsa ya dawo daga Faransa, ya yi masa tsarabar wata doguwar kwalba baƙa. Baba ya sa ta a firij ya wuce Jidda taro. Umma tana Kano wajen biki, daga ni sai Kaka.

Bayan azahar Kaka ta kishingiɗa, na murɗe murfin na tsiyaya a kofin shayi. Ja ne kamar zoɓo, amma ya fi kauri. Zaƙi ya fara zuwa, tsami ya biyo, sannan wani ɗaurin harshe irin na ɓawon rumman. Ba zan ɓoye maka ba, ban taɓa shan abin da ya kai shi daɗi ba. Sai da na shanye kofi uku na duba takardar jikinta: hoton ganga da itacen inabi, rubutun kuma ba Larabci ba, ba Turancin makarantarmu ba. Irin kwalbar nan na taɓa gani a talabijin, Baba ya yi sauri ya canza tasha.

Na yi sauri na mayar da kwalbar firij. Malamarmu ta ce wanda ya sha giya sai ya yi kwana arba'in ba a karɓar sallarsa. Na kuma sha jin manya na cewa duk baƙon da aka kama da ita, an soke iƙamarsa ta zama a ƙasar ke nan, sai jirgi. In na faɗa, na kori Baba daga Madina. In na yi shiru, ban san inda sallata take zuwa ba. Kwana uku ina goge baki da asuwaki har dasashina ya yi jini. Ko ƙararrawar ƙofa aka taɓa, sai in ji 'yan sanda ne.

Ranar Alhamis Kaka ta kai ni Harami. A bakin ƙofar mata na toge, na toshe bakina da gefen abaya.

"Me ya same ki?"

Na faɗa mata duka ina kuka. Ba ta yi faɗa ba. Muka juya gida, ta naɗe kwalbar cikin darduma, muka hau bene wajen maƙwabciyarmu, wata dattijuwar Damagaram da ta yi boko da Faransanci.

Ta sa tabarau, ta daɗe tana bin rubutun da yatsa. Ni dai ƙarar na'urar sanyaya ɗaki kawai nake ji.

"Hajiya, ruwan inabi ne zalla. Iri uku aka haɗa. Ga shi nan sun rubuta, babu giya ko ɗigo."

Kaka ta zauna daɓas a kan kafet. Can ta ce, "To kawo kofuna, in ji abin da ya hana jikata shiga Harami."

Ta kurɓa, ta lumshe ido, ta miƙa kofin a ƙara mata. A kan matakala ta ce da ni, "Shan bai dame ni ba kamar kwana ukun da kika yi ke kaɗai da shi."

Yau 'yata in ta ga rubutun da ba ta gane ba, waya take haska masa, ta fassara mata nan take. Ba ta hawa benen kowa. In na tambaye ta da Hausa me ke damunta, da Larabci take ce mini babu komai. Nakan tsaya ina kallonta, ina tunanin kwana nawa ke nan.