Makin da Shamsu Ya Raina

Ban taɓa mantawa da ranar da na tsaya a bakin iyakar Jibiya da wayar aro a kunne, ina ƙoƙarin koya wa yaron da ya fi kowa lissafi a makarantarmu yadda ake karanta lamba ba. Ku da kuka fara koyarwa bana, ku saurara, domin irin wannan aikin ba ya cikin manhaja.

Ni malamin Bayoloji ne, kuma a lokacin ni ne jami'in jarrabawa na sakandarenmu. Aikin jami'in jarrabawa shi ne yi wa 'yan ajin ƙarshe rajista, ya tabbatar sunan kowa da hotonsa sun yi daidai, ya raka su ranar zama. Ga wanda bai san tsarin ba, jarrabawar shiga jami'a darussa huɗu ce, kowanne maki ɗari, jimla ɗari huɗu. Mai son likitanci yana zama Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks, a kan kwamfuta. Sakamako kuma ba ya biyowa ta makaranta, saƙo ne ke shiga wayar yaro kai tsaye. Don haka malami bai san komai ba sai abin da yaro ya ga damar gaya masa.

Shamsu ɗan garin Daddara ne, nan kusa da Jibiya. Mahaifinsa, Malam Isuhu, direba ne da ke jigila tsakanin Jibiya da Maraɗi. Tun daga aji ɗaya yaron nan bai taɓa sauka daga na ɗaya ba. Casa'in da biyar, casa'in da bakwai, haka katinsa yake. Amma gaskiya makin makaranta da sauƙin samu. Akwai na zuwa aji, akwai na kwafar darasi, tambayoyin kuma mu muka koyar, mu muka tsara, mu muka duba. Yaro mai ƙoƙari sai ya taso yana ganin casa'in ita ce gidansu.

Shugabanmu na lokacin, Malam Lawal, mutum ne mai son yara da son barkwanci. Yana da wata magana da ba ya gajiya da ita a taron safe. Sai ya gyara hula ya ce, "Masu son zama likita, ku ji da kyau. Wa zai kwanta likitan da ya san kashi saba'in ya tsaga shi? Sauran talatin ɗin a cikin wa zai koya?" Yara su kwashe da dariya, mu ma mu yi. Shekara shida Shamsu yana tsaye a layi yana jin wannan magana, kuma shi ba a matsayin wasa ya ɗauke ta ba.

Sakamako ya fito cikin watan Mayu. Na tare shi a bakin ɗakin gwaje-gwaje na ce, "Dakta, yaya?" Haka muke kiransa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ba a dace ba." Idonsa ya kawo ruwa. A wurinmu idan mutum ya ce bai dace ba, ba a tsare shi da tambayar nawa ya samu, sai a ba shi haƙuri. Na dafa kafaɗarsa na ce Allah ya sa haka ya fi alheri, baɗi ma shekara ce. Ya ce amin, ya wuce.

Aka gama jarrabawar kammala sakandare, yara suka watse. Cikin watan Agusta jami'ar da suka nema ta fitar da sanarwa cewa duk mai maki ɗari biyu da arba'in zuwa sama da ke son likitanci ya zo jarrabawar tantancewa. Wannan ita ce mataki na biyu. Mutum da kansa zai je, a ɗauki hoton yatsansa, ya zauna, sannan a haɗa makin nan da na farko da sakamakon sakandare a jera sunaye. Ba a aika wakili.

Wata Lahadi, ranar kasuwa, sai ga abokinsa Kabiru ya same ni a gida yana ta murna. Ya samu ɗari biyu da arba'in da shida, yana so in taimaka masa da rajista. Shi ma da ya ɗauka ya faɗi, sai da yayansa da ke Katsina ya ga sanarwar ya kira shi. Na taya shi murna, na ce abin tausayi dai Shamsu.

"Ai Malam Shamsu ya fi ni," in ji shi. "Shi ɗari biyu da saba'in da biyu ya samu."

Na ce ya maimaita. Ya maimaita. Ya ce ranar da saƙon ya shigo, Shamsu ko biro bai ɗauka ba, da ka ya raba makin da huɗu ya ce sittin da takwas cikin ɗari ke nan, ko saba'in ɗin da Malam Lawal ke yi wa dariya bai kai ba. Na tambaye shi ina Shamsun yake. Ya ce ai ya bi kawunsa Nijar tun makon jiya, wajen haƙar zinariya, can gaba da Agadas.

Ban san lokacin da na hau acaɓa ba. Na sami Malam Isuhu a tasha ta bakin iyaka, yana ɗaure buhunan fasinja a bayan mota. Muka gaisa a tsaye na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya saki igiyar ya dube ni.

"Malam, mi kake hwaɗi haka? Yaron da bakinshi ya ce mani ya hwaɗi. Kwana da kwanaki ba ya cin abinci. Ni na ce ma kawunshi ya tahi da shi ko ya samu abin yi, ya bar zaman tunani."

Na ce ɗanka bai faɗi ba, a iya sanina babu wanda ya taɓa kawo irin wannan maki a makarantarmu. Ya zauna a kan buhu, ya cire hula. Can ya laluba aljihu ya fito da ƙaramar wayarsa mai layin Nijar. Muka taka har kusa da shingen jami'an iyaka inda layin ya fi kamawa, ya kira kawun. Allah ya sa suna Agadas, ana loda motar da za ta shiga da su sahara. Aka ba Shamsu.

Na ce, "Shamsu, ka sauko daga motar nan. Ka ci jarrabawa."

Ya ce, "Malam, sittin da takwas ce fa."

Nan na fara bayanin da ya kamata a ce ya ji tun yana aji huɗu. Manyan motoci na ta hon, masu canji na kiran kasuwa, ni kuma na toshe kunne ɗaya ina ɗaga murya. Na ce wannan jarrabawa ba irin tamu ba ce. An tsara ta ne don ta rarrabe mutane masu ɗimbin yawa, shi ya sa ake cusa tambayoyin da kusan kowa zai faɗi, ga lokaci kaɗan. Ba a raba makinta da huɗu. Abin da ake dubawa shi ne mutum nawa ke gabanka, nawa ke bayanka, cikin masu neman abin da kake nema. Na ce jami'a ta kira daga ɗari biyu da arba'in, kai kana sama da haka nesa, kuma akwai kason da ake ware wa 'yan jiha. Na ce makin nan shekara ɗaya yake aiki, in ya wuce ya wuce.

Da na gama sai ya ce, "To ai Malam Firinsifal ya ce..." Bai ƙarasa ba. Na ce wasa yake yi. Ya ce, "Wasa?" Yadda ya faɗi kalmar nan har yau tana min ciwo.

Ya ce kawu ya riga ya biya mota da guzuri, kuma shi ya ba da baki zai yi masa aiki har ƙarshen shekara, amma bari su yi magana, zai kira. Muka tsaya ni da mahaifinsa a gindin shingen har aka yi la'asar. Da muka sake kira, wayar ba ta shiga. Motar ta tashi.

Washegari na shiga ofishin Malam Lawal na gaya masa komai. Ya ce, "Wallahi don in zaburar da su nake faɗa." Na ce na sani, ranka ya daɗe. Har ya yi ritaya ban sake jin maganar a bakinsa ba.

Ba zan rantse cewa da Shamsu ya je da an ɗauke shi ba, domin akwai masu maki da yawa da ba sa samu. Abin da na sani shi ne Kabiru ya samu, yanzu haka yana zagayen ɗakunan marasa lafiya da farar riga. Shamsu kuwa sai bayan shekara biyu ya dawo, da labarin rasuwar mahaifinsa ya iske shi. Ya gaji motar da ƙanne biyar. Na yi masa maganar sake zama, ya yi murmushi ya ce wa zai riƙe gida. Shi ke jigilar Maraɗi yanzu, kuma a tasha har yau Dakta suke ce masa.

Abin da na koya shi ne aikinmu ba ya ƙarewa ranar da yara suka fito daga ɗakin jarrabawa. Muna shekara shida muna koya musu neman maki, ba mu ware ko darasi ɗaya mu koya musu abin da makin ke nufi. Kuma yaro mai ƙoƙari shi ya fi saurin yanke wa kansa hukunci, domin ya yarda da mu fiye da kowa. Yanzu duk wanda ya ce min bai dace ba, ina ba shi haƙuri, sannan in ce ya nuna min saƙon.

Bara, cikin watan Mayu, ina zaune a ofis sai ga Shamsu da ƙanwarsa Hauwa'u, wadda ta zauna jarrabawar a wata makaranta. Ya bar mota cike da fasinja a bakin ƙofa. Saƙon ya shigo tun da safe, amma ya hana ta buɗewa. Ya ajiye wayar a kan teburina ya ja da baya.

"Malam, kai za ka karanta mata," ya ce. "Ni kar in gani, sai in raba da huɗu."