Abin da Aina'u Ta Gani a Hannun Muntari

Aina'u 'yar Sharada ce, ita kaɗai ta kai digiri na biyu a gidansu. Bincikenta a kan dangin ƙwayar cutar agana da ƙyandar biri ne. In ta samu mai saurare, sai ta yi ta bayani: da kayan aikinta ƙwayar take shiga jikin mutum. Wani furotin nata ne ke lalubo wata alama a jikin ƙwayoyin gadonta, ya manne a wurin, daga nan a fara kwafe umarnin da za ta hayayyafa da shi. Aikin bincike bai samu ba. Ta ƙare a wani kamfanin biskit, tana duba tsabtar ma'aikata.

Wata Litinin ta ga ƙuraje masu ruwa a hannun Muntari, wani mai lodin katan, mutumin Maraɗi. Ta ja shi gefe.

"Malam Muntari, yaushe waɗannan suka fito?"

"Shekaranjiya. Don Allah Malama ki rufa min asiri, da aikin nan nake riƙe iyalina."

Ta yi ta juya maganar, daga ƙarshe ta sami manaja. Ta ce tana zargin ƙyandar biri ce, a ba shi hutu a kai shi asibiti.

Manaja bai kai shi ko'ina ba. Tara ma'aikata ya yi, ya sa Muntari ya ɗaga hannuwa kowa ya gani. Masu gadi suka ingiza shi waje da sanda don kada su taɓa shi, suka ƙone rigar aikinsa. Kafin la'asar hotonsa ya zagaye wayoyi. Mai gidan haya ya watso masa kaya waje, 'yan adaidaita sahu suka ƙi ɗaukarsa.

Aina'u ce ta nemo shi ta kai shi asibiti. Aka yi gwaji, ashe ƙaranbau ne. Ta koma wurin manaja da sakamakon.

"Mun riga mun ɗauki wani," in ji shi. "Ke ma ki rage kawo mana fitina."

Muntari ya warke, amma duk ƙofar kamfanin da ya je, daga Challawa har Bompai, an san fuskarsa. Ya koma gida Maraɗi. Ma'aikata suka daina amsa gaisuwar Aina'u, suka sa mata "Likitar Biri". Da aka tashi rage mutane, da ita aka fara.

Bara ta kira lambar Muntari. Matarsa ce ta ɗauka, ta ce ya tafi haƙar zinariya can cikin sahara, tun tafiyarsa ba su ji ɗuriyarsa ba.