Baba, Wa Zai Duba Mana Birki?

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da hantsin Talata, sha huɗu ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran surukina, tsohon makanike, bayan jinyar kwana shida.

Baba, shekara biyu kacal na yi a gidanka. Ɗanka direba ne, sai ya yi mako bai kwana a gida ba. Na zo da akwatin ƙananan littattafan soyayya, ina zaton aure hira ce da ba ta ƙarewa, sai na tarar da ɗaki shiru. Ta taga nake hango ka a ƙofar gida, kullum kwance gefen wata mota. Ƙarar sifanarka ce ta zame mini abokiyar zama.

Ba ka taɓa barin ɗanka ya kama hanya ba sai ka ɗaga motar da jak, ka cire taya, ka shafa faifan birki da yatsa. Yakan ce, "Baba, fasinja na jira." Kai kuma ka ce, "Su jira. Tafiya kowa ya iya, tsayawa ce aiki."

Wata rana na kawo maka ruwa da littafi a hannu, ina sunne kai don kunya. Ka ce, "'Yar littafi, miƙo shi nan." Ka kara kaurinsa da takalmin birki. "Kin gani? Ranar da naman takalmin nan ya fi littafinki sirantaka, kada ki bar mijinki ya fita. In kuma farcenki ya maƙale a jikin faifan, ya cinye." Na yi dariya, na ɗauka zolaya ce. Ashe amana kake ba ni.

Yanzu ƙofar gida fayau. Tabon baƙin mai yana nan inda kake kwanciya, na kasa sharewa. Nakan buɗe littafi, in yi shafi uku ban san me na karanta ba.

Jiya ɗanka ya shirya tafiyarsa ta farko bayan rasuwarka. Ya tayar da mota, ba wanda ya ce ya dakata. Na fito da littafin nan, na ce ya cire tayar gaba. Ya ce, "Ke ma kin fara?" Amma ya cire. Na durƙusa na kara littafin da takalmin birki. Takalmin ya fi littafin sirantaka, Baba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya kashe injin, ya zauna a kan tabon man nan ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Bai tafi ba sai da ya sauya takalmin.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka kabarinka. Rayukan da hannunka ya tsare a kan hanya, Allah Ya sa su a mizaninka. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Inna, da mijina, da ƙannensa mata. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, amin.