Kundin Kifi

Har yau idan saƙon ɗakin karatun nan ya shigo wayata sai na ji wuyana ya ɗau zafi. Ba zan kama sunan jami'ar ba, sun san kansu. Can na yi karatun hutu, irin wanda mu malaman firamare muke yi don ƙaro takarda, tafiyar wuni guda daga Nguru inda nake aure nake kuma koyarwa. Tun lokacin lambata take wurinsu, duk abin da suka sabunta sai sun sanar da ni. An ƙara lokacin buɗewa, an kawo sababbin kwamfutoci, an sa fanka a ɓangaren mata. To madalla, Allah ya sa albarka. Ni dai abu ɗaya na ba su ajiya, kuma labarinsa zan bayar.

Mu Badawa ne ta wajen uba. Kakana masunci ne a wani ƙauye na bakin ruwa kusa da Gashuwa. Ya yi allo da ƙuruciya, ya iya ajami, kuma yana da wata ɗabi'a da mutanen ƙauyen ke yi masa dariya a kanta: duk abin da ruwa ya yi sai ya rubuta. Ranar da ambaliya ta iso, inda ta tsaya a jikin wace tsamiya, kifin da ya fara shiga fadama, wanda ya yi ƙaranci bana, lokacin da ya kamata a yafa shinkafa kafin ruwa ya cim mata. Da Hausa yake rubutun, amma sunan kifi ko na ciyawa sai ya sa na Badanci kusa da na Hausa, wani wurin har da na Barbarci. Kowane shafi da Bisimilla yake buɗe shi, kamar yadda duk ɗan allo zai yi. Takardun warwara ne a cikin gafakar fata, a gida kuma muna kiransu kundin kifi.

Babana bai gaji sana'ar kamun kifi ba. Ya shigo Gashuwa ya kama sayar da barkono da shinkafa, ya auri mahaifiyata 'yar Haɗejiya, muka tashi da Hausa a baki. Badancina bai wuce gaisuwa da zagi ba. Amma kundin yana cikin akwatin ƙarfensa, kuma duk shekara idan ruwa ya fara tahowa sai ya fito da shi ya zauna a zaure yana karantawa da ƙarfi, mu muna gunaguni muna son mu tafi wasa.

Ina shekarar ƙarshe a jami'ar aka liƙa sanarwa a ƙofar ɗakin karatu. Ana kira ga duk mai tsofaffin rubuce-rubucen hannu ya kawo, za a adana su inda gara da ruwa ba sa kaiwa, a ɗauki hotonsu a na'ura, jikokin jikoki su karanta. Na tsaya gaban takardar nan na karanta ta har sau biyu. Da na je Gashuwa na kai wa Baba maganar.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka ba ya kiran sunana. Ya ce, "Uwata, abin nan shekara nawa yana cikin akwatin nan? Me ya ci shi?"

Na ce rufin ɗakinsa yana yoyo. Na ce ciyawar kacalla ta cinye hanyoyin ruwa, rabin wuraren da Kaka ya ambata yanzu ko kwalekwale ba ya shiga, nan gaba wa zai san yadda suke? Na ce masana za su zo daga nesa su karanta. Zuwa uku ina cin kunnensa, har da jefa masa kalmomin Turanci don ya ji abin da girma. Ranar da ya gaji ya miƙo mini gafakar da hannu biyu, ya ce, "Amana ce." Na ce, "Baba, kamar a aljihunka yake."

Ma'aikacin da ya karɓa mutum ne mai fara'a. Ya kwance igiyar gafakar, ya ga Bisimilla, ya yi sauri ya rufe, ya ce ba shi da alwala. Ya jawo babban littafinsu ya rubuta, ina kallon bironsa: kundin malam.

Na ce, "Malam, ba kundin malam ba ne fa. Labarin ruwa ne da kifi."

Ya yi murmushi ya rage murya. "Na gane, Malama. Irin waɗannan ai ba a faɗin abin da ke ciki."

A nan ya kamata in tsaya. A nan ya kamata in fizge kayana in ce a kira mini wanda zai karanta a gabana. Ban yi ba. Ya ba ni takardar shaida da hatimi shuɗi, ni kuwa sarkin wayo na ninke ta na sa a jaka ina jin na yi abin kirki. Akwai waya mai kyamara a hannuna, wallahi akwai, amma ko shafi ɗaya ban ɗauka ba. Me zan yi da hoton waya, ga na'urar jami'a?

Shekara uku suka wuce. A cikinsu yanar ido ta rufe wa Baba gani, ya daina zuwa kasuwa. Duk zuwana Gashuwa sai ya tambaya ko an gama ɗaukar hoton, in ce ana kai. Sai ga saƙo wata ranar Alhamis ina cikin aji: an kammala sa tsofaffin rubuce-rubuce a na'ura, kowa zai iya karantawa daga wayarsa yana gida. Ko dubawa ban yi ba na kira Baba na yi masa albishir. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ki zo ki karanta mini kafin ruwa ya iso, ko da tuntuɓe ne." Ya san ajamina da tuntuɓe yake tafiya.

Na duba wayar har ta mutu, na sa caji na sake dubawa. Kundaye kam ga su nan birjik, na digiri, ɗaruruwa. Har da na wani da ya yi bincike da Turanci kan kamun kifi a fadamarmu, yana kukan wai babu rubutaccen tarihin ambaliyar yankin. Na Kaka babu. Na nemi izini a makaranta na hau mota.

Aka kai ni ofishin shugaban sashen, dattijo mai gilashi da tabon salla a goshi. Na ajiye masa takardar mai hatimi. Ya duba babban littafi, ya gyaɗa kai, ya yi mini bayani a natse. Rubuce-rubucen da aka kawo kashi biyu aka yi musu. Na tarihi da wasiƙu an ɗauki hotonsu. Kundayen malamai kuwa, na addu'o'i da laƙani, an ga bai dace a baza su a na'ura kowa ya gani ba, sai aka haɗa su a kwali aka sa a sito. Damina ta biyu rufin siton ya yi yoyo. Kafin a farga takardun sun jiƙe sun manne, tawada ta zube.

Na ce, "Ina suke? A ba ni ko a manne ne."

Ya ce, "Hajiya, ai ba za mu bar sunan Allah a inda ƙafa za ta taka ba. Mun haƙa rami mai zurfi a wuri mai tsarki mun binne su. Ni da kaina na tsaya a kai. Mun mutunta su ƙwarai."

Da alfahari ya faɗa. Jira yake in yi masa godiya.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ka yi allo?" Ya ce har ya sauke. Na ce, "To layi na biyu fa? Layin da ke ƙasan Bisimilla, wa ya karanta shi a cikinku?" Na ce, "Ni zan faɗa maka abin da ke wurin, don tun ina yarinya nake jin sa. Ruwa ya iso ranar Laraba, tarwaɗa ta yi yawa. Wannan ne laƙanin? Tarwaɗa ce sirrin da kuka ɓoye wa duniya?"

Muryata ta cika ofishin, mutane suka leƙo. Ban damu ba. Gida guda cike da masu digiri, kowa ya iya karanta Turancin mutanen da bai taɓa gani ba, kowa ya yi allo, amma shekara biyu Hausar kakana tana cikin kwali ba a sami mutum ɗaya da zai sauke ido layi guda ba! Da gara ce ta ci, sai in ce gara ce. Da sata aka yi, sai in ce ɓarawo ya san darajarsa. Amma a binne maka abu da alwala, a kuma ce an girmama ka? Wannan takaicin ban san inda ake kai shi ba.

Ya ce in yi haƙuri, kuskure ne na wanda ya rubuta a littafi. Ya kai ni bayan ginin ya nuna mini wurin. An zuba kankare an kafa tankin ruwa a kai. Da za mu rabu ya ce yanzu suna da sabon tsari na karɓar ƙorafi, in ina so a ba ni fom in cike. Na dube shi kawai na wuce.

A mota na tsara ƙarya kala uku. In ce na'urar ta lalace. In ce sai an ƙara wata shida. In ɗauko waya in riƙa karanto abin da na haddace, ai ba gani yake ba. Da na isa Gashuwa na tarar da shi a zaure ya sa an share an shimfiɗa tabarma, ya gayyato abokansa biyu tsofaffin masunta su zo su ji. Sai duk ƙaryar ta tsere mini. Na durƙusa na faɗa masa yadda aka yi, ban rage komai ba, har da wayar da ban ɗaga ba.

Bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya daɗe yana murza gefen tabarma, sannan ya ce, "Wanda ya binne ɗin, ya karanta?" Na ce a'a. Ya ce, "Ko layi ɗaya?" Na ce ko ɗaya.

Can ya ce, "Kina da biro?"

Na ciro littafin da nake shirya darasi a ciki. Ya fara daga ranar Laraba. Yana faɗa ina rubutawa da boko, tsofaffin nan suna gyara masa, wani lokacin su yi gardama kan wace tsamiya ce. Muka wuce tarwaɗa, muka wuce ƙarfasa da kurungu da gaiwa, kowanne da sunansa na Badanci. Muka zo kan wani ɗan kifi mai jan ciki da ke shigowa da ruwan farko, wanda in an gan shi an san shekarar shinkafa za ta yi. Baba ya ce wannan ba shi da suna da Hausa, na Badanci kawai Kaka ya sa. Ya buɗe baki ya tsaya. Ya juya wajen abokansa, suka ce rabonsu da ganin kifin tun kafin kacalla, sunan ya shige musu.

Baba ya miƙa hannu ta inda akwatin ƙarfen yake, ya ce, "Yana shafi na uku, daga ƙasa. Uwata, ɗauko mini..."

Hannun ya tsaya a iska, sannan ya dawo da shi kan gwiwarsa. Ya ce, "Bar masa wuri. Mu ci gaba."

Na bar layi guda. Na tambaya a kasuwar kifi ta Gashuwa, na tambaya a Nguru, na aika ƙauyen Kaka. Baba ya rasu damina biyu bayan nan, layin yana nan yadda na bar shi.