Tatsuniyar da Inna Ta Yi da Rana Tsaka

Ina da shekara tara aka ɗauke ni daga Kano zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin, ba don yawon buɗe ido ba, sai don in zama sandar kakata. Inna muke ce mata. Ciwon yana ne ya rufe mata ido, ba ta ganin komai sai haske-haske da inuwar mutum in ya gifta. Mahaifina kuwa ya daɗe a can yana sayo takalma da yadi yana turowa kasuwar Kwari, tun lokacin da Hausawan garin ba su cika sahu biyu a masallaci ba. Shi ya aiko a kawo ta a yi mata aiki. A ƙarshen 1998 muka sauka, cikin wani sanyi mai laima da ke shiga ƙashi.

Ɗakinmu yana unguwar Sanyuanli, a saman wani shagon sutura. Murhu dai babu, sai wata hita mai jan ƙarfe da Baba ya sayo. Inna ta miƙa mata tafin hannu ta ce, "Wuta ba hayaƙi, ba toka? Kai, mutanen nan ko wutarsu ma rowa gare ta." Amma kullum bayan isha'i a gabanta muke zama, ƙafata cikin zanenta, tana mulka man zafi a gwiwa.

Baba ɗan farinta ne, kuma Inna ta riƙe kunyar ɗan fari yadda mutanen da suka riƙe ta. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Yaron nan" take cewa, ko "ubanki". In ya shigo gaishe ta sai ta juya fuska bango, ta amsa a taƙaice kamar baƙo ne. Haka ta yi shekara arba'in. Wani dare da ya fita sallar isha'i ta jawo ni ta ce, "Bilki, gaya mini gaskiya, ya yi furfura?" Na ce kaɗan a gemu. Sai ta ce, "Ni fa ban san fuskarsa ba. Lokacin da nake da ido bango na ba wa. In aka buɗe mini idon nan, wallahi sai na kalle shi har sai ya tsargu." Wannan shi ne abin da ya hau da ita jirgi, ba komai ba.

Kafin ranar aiki, Baba yakan rufe harkarsa ya zaga da mu gari. Shi ya yi bayani, ni in faɗa mata abin da nake gani. Ya kai mu bakin Kogin Lu'ulu'u, inda jiragen ruwa ke ta kuka, ya ce ta nan duk kayan da ke Kwari suke kama hanyar teku. Ya kai mu tsohon masallacin nan mai doguwar hasumiya, wadda aka ce ta haura shekara dubu, a kanta ake kunna fitila don jiragen fataken Larabawa su gane hanya. Inna ta shafa bangon ta ce, "Ashe fatauci ya riga ubanki zuwa."

Amma wurin da ya kama mata zuciya shi ne lambun Yuexiu, inda aka sassaƙa awaki biyar da dutse a kan tudu. Baba ya ce mutanen garin na cewa a zamanin da an yi yunwa, sai wasu mutum biyar suka sauko daga sama a kan awaki, kowace da zangarniyar shinkafa a baki, tun daga nan garin bai sake yunwa ba, har ma ana ce masa Birnin Awaki. Na ce mata babban ya ɗaga kai sama, zangarniya a bakinsa, sauran na kewaye da shi.

"Babbar dai," in ji Inna. "Uwarsu ce."

"Inna, gemu fa gare shi!"

"Ke tafi can. Ba ki taɓa ganin tsohuwar akuya da gemu ba? Dubi haɓata."

Na ce to me ya sa ta ɗaga kai? Ta ce sai dare. Inna ba ta tatsuniya da rana ko za a yanka ta. Wai mai yin ta da rana ɓata yake yi, ya kasa gane hanyar gida. "Mu da muke bakin duniya," in ji ta, "in muka ɓata a nan wa zai tsinto mu?"

Da dare ya yi ta gyara zama gaban hita. "Ga ta nan, ta hau jirgi ta biyo mu." Na ce, "Ta sauka mu ji ta."

Ta watsar da mutanen nan biyar, ta ce awakin su suka yi wahalar. Wai wata akuya ce a sama da 'ya'yanta huɗu, ta ji kukan yaran wani gari na bakin ruwa, komar masunta ta fito ba kifi, tukwane sun yi yanar gizo. Sai ta ciro zangarniya ta riƙe a baki ta kamo hanya, rana na dukanta a fuska. Ɗan farinta na tafe a gefenta, yana tare mata iska, amma ba ta waiwayarsa, don akuya ce mai kunya. Ƙananan take lasa. Sai ga hankaka, yana son ta buɗe baki zangarniyar ta faɗo. Inna takan shaƙe murya ta yi maganarsa: "Gwaggo akuya, sannu da hanya! Wannan kyakkyawan na gefenki, ya sunansa?" Akuya ta yi gum. Kowane dare hankaka na dawowa da sabuwar dabara, ni kuwa ina dariya har in faɗi. Baba na can gefe yana ɗaure samfurin takalma, kamar ba ya ji.

Daren da za a kwantar da ita, awakin sun hango hasumiyar masallaci, saura kaɗan su sauka. Na ce ta ƙarasa. Ta ce, "A'a. Sai na ga akuyar nan da idona, in ga irin ɗaga kan da ta yi. Kada in yi mata ƙarya."

Aka yi aiki. Ranar da za a cire bandeji, a waje aka bar ni kan benci. Da suka fito Baba bai kalle ni ba. Inna na sanye da baƙin tabarau, ta ce, "Alhamdulillahi. A kai ni wurin awakin." Na yi tsalle, na ɗauka shi ke nan ido ya buɗe. Ko hannunta ban kama ba, sai da na ji tana lalubar kafaɗata, na ce a raina ai sabo ne.

Muka hau tudun da rana tsaka, mutane cike, ana ta ɗaukar hoto. Muka zauna a kan dakali, awakin na gabanmu. Ina jira ta cire tabarau. Sai na ji ta ce, "Ga ta nan, ta hau jirgi ta biyo mu."

"Inna! Rana ce fa!"

"A wurinki rana ce, Bilki. Ni darena ya yi."

Daga baya na ji bayanin: an cire yanar, amma jijiyar da ke bayanta ta riga ta mutu tun a gida, ɗan hasken da ya rage ma yana tafiya. A lokacin dai ban san wannan ba. Maimakon in amsa mata, sai na fashe da kuka. Ta sake faɗa. Sai Baba, wanda ban taɓa jin ya sa baki a hirarmu ba, ya ce a hankali, "Ta sauka mu ji ta."

Ta ce akuya ta iso, ta girgiza kai, ƙwayar shinkafa ta zuba, mutane suka shuka suka ƙoshi. Sai ta ce a ranta, to yanzu na sauke nauyi, bari in juya in ga yaron nan da ya tare mini iska tun daga sama. Ta juya, ba ta ga komai ba. Ranar da ta yi ta fuskanta a hanya ta cinye mata ido. Shi ne ta ɗaga kai, ba sama take kallo ba, takunsa take saurare. A haka suka zama dutse.

Na ce cikin kuka, "Ba ta gan shi ba ke nan?"

"Ba ta gan shi ba. Ƙurunƙus, kan kusun Sin." Ta ja numfashi. "Amma ita zangarniya ce a bakinta. Ni bakina ba komai."

Sai ta miƙa hannu biyu cikin iska ta ce, "Habibu. Matso."

Baba ya durƙusa a gabanta, a cikin mutane. Ta bi goshinsa da yatsu, ta bi hanci, ta sauko gemu, tana yi tana komawa. Ta ce, "Ashe goshin ubana ka ɗauko. Ba wanda ya gaya mini." Ban taɓa ganin babban mutum yana kuka haka ba, kafaɗunsa na rawa, ba sauti.

Inna ta rasu a Kano bayan shekara biyu, Baba yana Guangzhou bai samu jana'iza ba. Na daɗe ina jin haushin kunyar nan da ta cinye mata shekara arba'in, har na girma na gane ba ƙin sa take ba, son ne ya yi mata yawa ta rasa inda za ta ajiye shi sai bango. Duk da haka raina na ɓaci in na tuna, don ba abin da zai dawo mata da kallo ɗaya.

Yanzu ni ma ina zuwa garin sayo jakunkuna a kasuwar Shiling. Abokan tafiya sukan ce mu je hoto wurin awaki, in ce su je, kaina na ciwo. Ɗan farina kuwa sunan Baba ya ci. Dangi suna ta faɗa wai ba ni da kunya, ina kiran sunansa gatsau a gaban mutane. Su yi ta yi. Shi ma yakan ce, "Umma, wai me kike kallo ne haka?" Sai in ce ba komai, Habibu, ci abincinka.