Sha'aban, Direban da Ke Tuƙi Ba Hula

Kun ga wanda ya wuce yanzu a farar motar can, kai ba hula, sanƙo na walƙiya kamar an wanke kwanon sha? To ɗana ne, Sha'aban. Ku dakata da dariyar tukuna, ku bari in gaya muku yadda aka yi, sai ku yi ta da dalili.

Shi ne na ukuna, shi ya sa kuka ji ina kiran sunansa gatsal. A nan bayan Kusugu na haife shi, kuma tunda nake ban taɓa ganin mai kunya irin yaron nan ba. Yana ƙarami, in baƙi suka shigo yana cin tuwo, sai ya tsaya da lomar a baki, ba ya taunawa ba ya haɗiyewa, har sai sun tafi. Da ya girma kuma gashin kansa ya gudu tun bai yi aure ba. Daga ranar hula ta hau, ba ta ƙara sauka ba. Matarsa Haulatu ta rantse mini sai da ta yi wata da watanni a ɗakinta kafin ta ga tsakar kan mijinta, shi ma iska ce ta taimaka mata.

Sana'arsa raguna. Da ƙafa ya fara, yana bin marigayi babansa kasuwa. Daga nan ya sayi babur, yana ɗaure akuya a baya tana yi masa kuka a kunne har Mashi. Daga baya Allah ya hore masa motar nan mai dogon baya, ya raɗa mata suna Hajiya. Hajiya kuwa ta ga gata. Kullum da safe sai ya goge ta da tsumma kafin ya karya. Kuma duk inda ya ajiye ta, sai ya ɗaga gilasai duka ya rufe ruf, don wata rana ya bar ɗaya a buɗe, wata akuya ta zura kai ta cinye masa gefen kujera. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kar wani ya ce mini Sha'aban mai mantuwa ne. Mutane su ba shi dabbobi ya kai kasuwa, ya san na wane ne wannan, na wance ne wancan, wanda ke tari, wanda ke tunkuyi. Ko allurar da na aike shi ya sayo mini bara, ya tuna.

Sai Allah ya ba su ɗan fari, Musaddiq, angona ke nan, mijin da bai taɓa ba ni ko kuɗin goro ba. To kun san ɗan fari. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya ɗaukarsa gaban mutane, in an tambaye shi lafiyarsa sai ya sunkuyar da kai. Kowa na yi, amma Sha'aban ya fi kowa. Shi ko “yaron nan” ba ya iya cewa, sai dai “wannan”. In yaron ya rarrafo wajensa sai ka ga ya ɗaga kai yana duban rufin ɗaki kamar yana neman inda ke yoyo. Amma ni na sha kama shi, in ya zaci ba kowa, yana shinshina masa kai.

Da lokacin yaye ya yi, aka shirya za a kai angon wurin kakarsa ta wajen uwa, Murjanatu, a ƙauyensu. Ƙauyen na kan hanyar Mai'adua ne, sai dai ana ratsewa hagu kafin a kai. Ni ce zan kai shi, sai ƙafar nan tawa ta wayi gari ta kumbura kamar kabewa. Ga shi an riga an aika musu, an shafa wa uwar maɗaci, yaro ya kwana yana tsala ihu, ba wanda ya runtsa a gidan. Ranar kuma ta dace da kasuwar Mai'adua.

Na ce, “Sha'aban, ai hanyarka ce. Ka sauke shi ka wuce.”

Ya zaro ido. “Iya, ni? Ni da kaina?”

Na ce, “A'a, ragon zai kai shi.”

“Iya, mutane fa za su gan ni da… da wannan.”

“To sa shi a baya, ba sai ka goya shi ba.”

Haka aka yi. Haulatu ta shimfiɗa zane a kujerar baya, ta kwantar da shi, ta koma ɗaki tana sharar hawaye a ɓoye, don ita ma ɗan farinta ne, ba dama ta yi a fili. Aka loda raguna can ƙarshen mota. Shi kuwa gogan naku, don tsabar kunya, har madubin da ake ganin baya da shi sai da ya karkatar, kar wani ya ce ya gan shi yana leƙen ɗansa.

Kafin su fita daga gari yaro ya yi barci, barcin wanda ya kwana yana kuka, ko motsi babu. Raguna na ta “baa”, wayar Sha'aban na ta ƙara, wani dillali na cewa ya yi sauri mutanen Nijar sun iso. Da aka zo mararrabar ƙauyen, hannunsa bai san da ita ba. Shekara da shekaru hannun nan miƙewa kawai yake yi. Ya miƙe.

Ni abin bai ba ni mamaki ba. Babansu na da wani jaki da ya saba zuwa gona. Ranar da naƙudar autana ta tashi, aka ɗora ni a kansa za a kai ni wajen ungozoma, wallahi gona ya nufa da ni. Ba mugunta ba ce, sabo ne. To mutum ma akwai jakin nan a cikinsa, balle in bai yi barci ba.

Ya isa kasuwa, ya sauke ragunansa, ya ɗaga gilasai ruf saboda akuya, ya kulle Hajiya. Bazara ce fa, irin ranar da ƙadangare ma ke neman inuwa. A ransa kuwa, ya ce mini, shi ya riga ya kai yaro. Har gani yake kamar ya ga Murjanatu ta karɓa.

Allah da ikonsa, bai yi nisa da shiga kara ba, wurin da ake tsayar da dabbobi, sai ga surukinsa Malam Dabo, baban Haulatu, mijin Murjanatu, ya zo sayar da ɗan maraƙi. Sha'aban ya tuɓe takalma tun daga nesa, ya durƙusa. Aka shiga gaisuwa. Malam Dabo kuwa in ya kama gaisuwa sai ya tambayi kajin gidanku.

“Ina gajiya? Ya zafi? Ya Iya da ƙafa? Ya kasuwa? Madalla. To, Malam Sha'aban, ka kai mata angon nata? Tun asuba take dama kunu, ta hana kowa sakat.”

Sha'aban ya sunkuyar da kai yadda ya saba, ya yi ɗan murmushin nan na kunya. Malam Dabo ya ce shi har ya ji daɗi, ya ce a ransa kai, yaron nan akwai tarbiyya. Sai ya ga murmushin ya bushe a fuska. Sai ya ga mutum ya yi tsalle daga durƙuso kamar kunama ta harbe shi, ya saki igiyar raguna, ya zura da gudu ba takalmi.

To ku faɗa mini, a kasuwar dabbobi, a ga ƙato ya fito da gudu ƙafa ba takalmi, me za a ce? Wani ya ce “Ɓarawo!” Shi ke nan. Mahauta suka taso, masu awaki suka taso, har mai sayar da igiya. Wani ƙaton ɗan dako ya rungume shi ta baya ya ɗaga shi sama, ƙafafu na wutsil-wutsil.

“Me ka ɗauka?”

“Ku sake ni! Yana cikin mota!”

“Wa?”

“Wannan!”

“Wanne?”

“Wannan ɗin… na gidanmu!”

Wani ya ce, “Kun ji ko? Har ya kai wani mota. Rago ne ko bunsuru?”

Zinariya mai fura, wadda ke zama a bakin ƙofar kara, ita ta ba ni wannan da bakinta. Ta ce sai ta ga mutumin ya cika ƙirji, ya buɗe baki, ya kwarara ihun da sai da shanu suka waiwayo.

“Musaddiq! Ɗana ne! Ɗana Musaddiq na rufe a mota!”

A gaban surukinsa fa, wanda ya biyo baya yana haki da sanda. Ɗan dakon ya sake shi tim. Kasuwar da ke binsa a ɓarawo ta koma binsa a taimako. Wajen kokawar nan makulli ya faɗi, hula ta faɗi, ba wanda ya tsaya nema. Da suka isa, Sha'aban ya fizge sandar Malam Dabo, ya ɗaga ta a kan Hajiya, Hajiyar da ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kanta, ya rotsa gilashin gaba.

Nan kam ba abin dariya. Zinariya ta ce zafin da ya fito daga motar kamar an buɗe tanda. Yaro ya yi jajir, ya jiƙe sharkaf, ko kukan ba ya iyawa, sai ɗan numfashi sama-sama. Uban ya sure shi ya shiga rumfa, ya yage masa riga. Zinariya ta juye masa ruwan tulunta, mata suka kewaye suna fifita da faifai. Aka ɗora su a babur sai asibiti. Ma'aikaciyar da ta karɓe shi ta sa masa ruwa a hannu, ta ce Allah ne ya yi da sauran kwana. Da aka ba ta labarin yadda aka yi, ta ce jikin yaro ba ya jure zafi kamar na babba, mota a rufe kuma tukunya ce a kan murhu, da gaisuwar nan ta ƙara tsawo da wani zancen ake yi.

Malam Dabo ya ce, “To ai gaisuwar tawa ce ta tuna masa.”

Ma'aikaciyar ta ce, “Baba, da ka fara da yaron kafin kaji.”

Sai can da yamma angon ya buɗe ido ya fasa kuka, yana neman nonon da aka hana shi. Murjanatu, wadda aka ɗauko daga ƙauye, ta ce ba ta taɓa jin kuka mai daɗin wannan ba. Ta ce ta tarar da Sha'aban zaune a bakin gado, yaro a ƙirji, kai tsirara, yana ta “Musaddiq, Musaddiq” kamar mai biya karatu. Bai ma san surukarsa ta ga sanƙon ba.

Suka dawo gida. Haulatu ta karɓi ɗanta ta shige ɗaki, ta bar shi tsaye. Sha'aban ya zo ya zauna nan inda kuke zaune, ya ce, “Iya, in na ce ba zan ƙara mantawa ba, ƙarya nake. Ranar ma ban san na manta ba.”

Na ce, “To ka nemi abin da jakinka ba zai iya tafiya ya bari ba.”

Ya shafa kai, ya ji sabuwar hular da ya saya a hanya. Sai ya cire ta yana kallo.

Tun daga ranar, in dai an sa yaro a motarsa, nasa ko na maƙwabta, sai ya tuɓe hula ya ajiye ta a gefen yaron. Ya ce shi dai ya san ko kasuwa ce ke ci da wuta ba zai taka ƙasa da wannan kan a buɗe ba, dole ya waiwaya. Madubin ma ya mayar da shi daidai. Haulatu da ta ga haka, ita da kanta take miƙa hannu ta ce, “Kawo hular,” kafin ta miƙa masa yaro.

Yanzu duk Daura an sani. In ya wuce sanƙo na sheƙi, 'yan tasha su ɗaga murya, “Sha'aban, a gai da mai hula!” Shi kuma ya yi ƙasa da kai, don kunyar ba ta tafi ba, har gobe in baƙi suka shigo loma na tsaya masa. Sunan ɗan nasa ne dai ya kasa komawa inda ya fito. Ɗazu da zai fita ina ji yana cewa, “Musaddiq, zo mu je ka riƙe mini hula.” Angon nawa kuwa ya kifa ta a kai, ta rufe masa har hanci, ya wuce ni ko sallama babu.