Ranar da Na Ƙi Jan Motar Malam Isyaku

Komai zan manta a aikin nan, ba zan manta ranar da na ƙi jan motar Malam Isyaku ba. Ku da kuka shigo yadin nan bana, na ji kuna gunaguni wai na cika tsanani, wai kafin in bar mutum ya ɗaura sarƙa sai na sa ya zagaya mota kamar mai neman allura. To ga dalili. Ni ba ɗan boko ba ne, aji huɗu na tsaya. Yadda abin ya faru haka zan faɗe shi.

Lokacin kuɗin mai sun fara shigowa, ba a daɗe da komawa tuƙin hannun dama ba. Duk inda ka duba ana fasa hanya. Ina direba a wani kamfanin aikin hanya da ya kafa sansani a bayan garin Kankiya. Akwai injiniya a sama, wanda ba mu ganinshi sai an kwana biyu. Ƙarƙashinshi foman, shi ke raba aiki, shi ke ɗauka, shi ke kora. Sai mu direbobi, da makanikai, da leburori. Foman ɗinmu sunanshi Garba, mutumin Kusada, mai zafin rai amma ba mugu ba. Motar da ke hannuna ƙaramar jif ce. Janwe, wato babbar motar ja mai ƙugiya a baya, guda ɗaya muke da ita, kuma ranar ta tafi ciro wata tifa can nesa.

Malam Isyaku kuwa tsoho ne mai makarantar allo a Kusada. Rabin magidantan ƙauyukan wajen a gabanshi suka yi karatu, har da Garba foman. Duk kaka, in an gama yankan gero, yakan zagaya ƙauyuka ya gaisa da ɗalibanshi, kowane gida a fito mashi da dami. A da da jakuna ake wannan zagaye. Shekarar nan sai tsofaffin ɗalibanshi suka haɗu suka saya mashi a-kori-kura, babban ɗanshi Muntari ya koyi tuƙi.

Akwai al'ada a nan da baƙo ba zai gane ba. In aka ba malami dami, ba a cewa ya isa. Kuma in dami ya hau, ba ya sauka a ƙasar garin da aka bayar da shi. Saukewa mayarwa ce, kamar ka ce wa mutum hatsinshi bai yi ba. Gida zai daɗe da wannan abin kunya.

Ana gama azahar wani mutum ya shigo yadi a kan keke, yana haki. Ya ce motar Malam ta kafe a ƙoramar da ke bayan Ƙofa. Garba ko hularshi bai gyara ba ya ce, "Haruna, tashi jif." Na jefa sarƙa, da ƙarfen ja, da jak, da weji na tare taya a baya, muka tafi.

Da muka isa, sai da na yi salati. Motar ba ka ganinta sai damman gero. An ɗora tun daga Mawashi, aka ƙara a Ƙofa, an ɗaure da igiya har ya wuce kan direba da tsayin mutum. Gindinta ya zamna cikin rairayi, gabanta ya ɗaga. Ƙoramar ta bushe, amma gaɓar da za a hau tana da tsayi da santsin tsakuwa. Mazan gari sun taru, sun naɗe hannun riga, suna jiran a ce su tura. Malam na zamne a kan buzu a gindin tsamiya, carbi a hannu.

Garba ya gaishe shi, ya dawo. "Juyo da baya ka ɗaura sarƙa. Kai ka ja, jama'a su tura."

Na ce, "Maigida, bari in duba."

"Duba mi? Ba ka ga mota ba?"

Na kwanta na leƙa ƙarƙashi. Sifirin ɗin baya, ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota, ya karye gida biyu. Sannan na ga rairayi ya yi baƙi kusa da taya. Na shafa na shinshina: man birki. Da gindin ya bugi ƙasa, bututun ya fashe. Na tashi na ce wa Muntari ya taka birki. Ya taka, ƙafarshi ta tafi har ƙasa ba abin da ya tare ta.

Ga lissafin, ko jahili ya iya shi. Kayan da ke kan motar sun fi jif ɗina nauyi. In na fara hawa gaɓa, ko sarƙa ta tsinke, ko nauyin ya jawo ni baya. Motar ba birki. Kuma a bayanta mutum wajen ashirin, kafaɗa manne da ƙarfe, ba wanda ke ganin abin da ke faruwa a gaba. Na taɓa ganin sarƙa ta tsinke a hanyar Kano. Mutumin da ta sama bai sake tafiya da ƙafarshi ba.

Na ce, "Sai an sauke kaya."

Mai unguwar Ƙofa, wani dogon dattijo, ya dube ni sama da ƙasa. "A sauke? Ɗan nan, halan kai baƙo ne?"

"Ɗan Rimaye ne ni, Baba. Na san al'ada. Amma ba zan ja ta haka ba."

Garba ya jawo ni gefe. "Kana so ka kunyata ni gaban malamina? Gaban garin nan? Ka ja, ko ka ba ni makulli, gobe kada in ga ƙafarka a yadi."

Ba zan yi maku ƙarya ba. Aikin nan shi ke riƙe da gidanmu. Gonar babana ba ta kai mu ko rabin shekara, matata na da goyo, kuma na san mutum goma na jiran kujerata. Na dubi makullin a hannuna. Na dubi mutanen nan, har da wani mai furfura da ya tuɓe takalmi don ya ji daɗin turawa. Sai na jefa makullin a aljihun ciki na ce, "Kora taka ce, Maigida. Amma makulli sai an sauke."

Ban jira amsarshi ba. Na nufi tsamiya, na cire takalmi, na durƙusa.

"Allah gafarta Malam, ina da tambaya. Lokacin da kake zagayen nan da jakuna, in aka cika wa jaki kaya, mi yake yi?"

Ya ɗago ya dube ni. "Kwantawa yake."

"In ya kwanta fa?"

"A rage mashi."

"To motar nan ta kwanta, Malam. Ba birki a jikinta. In na ja ta haka ta kuɓuce, kan mutanen can za ta koma. Wanda ya ba ka dami ɗaya zai bi shi da ranshi."

Garba ya daka tsawa daga baya. "Kai! Malam kake faɗa wa haka?"

Malam ya ɗaga mashi hannu ya tsai da shi. Ya kira ɗanshi. "Muntari, ka san ta yi nauyi?"

Muntari ya sunkuyar da kai. "Na sani, Baba. Tun Mawashi sitiyari ke wasa a hannuna. Kunya ce ta hana ni magana."

"Ni ma na ji tana nishi," in ji Malam. "Ni ma kunya." Ya ɗan yi murmushi. "Jaki ya fi mu, shi ba ya jin kunyar kowa."

Ya ja carbi ɗan lokaci. Ni dai ina durƙushe, ina tunanin abin da zan faɗa wa babana. Can sai ya ce a kira mai unguwa.

"Mai unguwa, geron nan na wane ne?"

"Naka ne, Allah gafarta Malam."

"Tabbas? Ya fita hannunku?"

"Ya fita, har ga Allah."

"To tunda nawa ne, ina neman alfarma. Rumbunana na gida sun tsufa, ɓera ya dame ni. Ina so ku yi mani rumbu a garin nan, ku riƙe mani amana. Ba mayarwa na yi ba, ajiya na ba ku. In ina bukata in aiko."

Fuskar mai unguwa ta washe. Rumbun Malam a garinsu! Kafin ka ce kwabo gardama ta tashi, ba ta saukewa ba, ta ƙofar gidan wanda za a gina shi. Mai furfurar nan na cewa shi ya riga kowa sauke Alƙur'ani a gaban Malam, wani na ce mashi, "Kai da ka shekara biyu a izu ɗaya?" Ana dariya ana kwance igiya. Mutanen da suka zo turawa su suka ɗauke damman a ka, ɗaya bayan ɗaya, suka haura gari da su.

Da mota ta zama fanko, na yi aikina yadda aka koya mani. Na ɗaga gindin da jak, na sa guntun icce inda sifirin ya karye, na ɗaure da waya. Sarƙa na mayar da ita cikin jif, don motar da ba birki ba a janta da sarƙa: in ka tsaya, ita ba ta tsayawa, bayanka za ta daka. Ƙarfen ja na sa, mai ido biyu, na kama shi a jikin shasi, wato ƙashin motar, ba a bamba ba. Na ja layi a rairayi da ƙafata na ce duk wanda ya tsallako shi na fasa. Muntari kaɗai na bari a ciki, don sitiyari. Garba na miƙa wa weji na ce ya biyo mu ta gefe, ba ta baya ba. Ya karɓa.

Na sa ƙaramar giya, muka fara hawa. Tsakiyar gaɓa tayoyina suka kama tsakuwa suka yi ta juyi a banza. Motoci biyu suka zame baya, taku huɗu ko biyar, kafin Garba ya jefa weji ta tsaya. Fanko fa kenan, ko zangarniya ɗaya babu a ciki. Inda tayar baya ta tsaya, nan ne daidai inda mutanen suka jeru ɗazu. Na ga Garba ya dubi sawun taya, ya dubi jama'a. Muka zuba ƙasa da ƙirare, karo na biyu muka haye.

A hankali na ja ta har Kusada, Malam na zamne a gefena. Abin da ya tambaye ni a hanya shi ne sunan babana, shi ke nan.

Da muka koma yadi na fito da makulli na miƙa wa Garba. Ya dube shi ya ce, "Ni na ce ka ba ni?"

"Ka ce, Maigida."

"To ban ji ba. Gobe da sassafe akwai kai leburori."

Sati biyu bai yi mani wata magana ba in ba ta aiki ba. Bai taɓa cewa na yi daidai ba, har muka rabu. Amma daga ranar, duk sabon direban da aka ɗauka, wajena yake turo shi ya ce, "Je ka wajen mai taurin kan can ya nuna maka yadda ake ja."

Abin da na koya ke nan. Dokar ja ba ta da yawa: ka leƙa ƙarƙashi, ka taka birki, ka sauke kaya, ka kori mutane daga baya da tsakani, kuma kada ƙarama ta ja abin da ya fi ta. Wannan ko a wuni ɗaya sai in koya maku. Mai wuyar ita ce bakinka. A ƙasarmu ba kullum kwaɗayi ke cika wa mota kaya ba, sau da yawa kunya ce. Direba na jin kunyar mai kaya, mai kaya na jin kunyar wanda ya ba shi, kowa ya sani, kowa ya yi shiru, har a kai gangare. Dole wani ya zama marar kunya. Amma in ka ce a'a, ka faɗa wa wanda zai iya samo wa mutane hanyar da ba za su ji an ci fuskarsu ba. Ni a'a kawai na iya. Malam ne ya san sauran.

Rumbun yana nan a Ƙofa, duk shekara ana sake mashi jinka. Muntari sawu uku yake yi yanzu, ba wanda ya ce ya raina shi. Ni kuwa duk kaka sai an yi sallama a ƙofar gidanmu a Rimaye a ce saƙo daga Malam. Dami ɗaya ne. Kuma a kan jaki yake aiko shi.